Daga Ƙanƙarar Maye Zuwa Yunwar Kaneki: Tarihin Dodon Da Ke Jin Kunya

Mai karatu, in ka daɗe ba ka leƙa rumfunan masu tura finafinai a waya ba, ko a Makarfi ne ko Ikara ko Hunƙuyi, to ka daure ka leƙa. Bayan Indiya-Hausa da finafinan Koriya masu dogon zango, za ka tarar da samari suna neman katun ɗin Japan, wanda ake kira anime. Manya kan yi tsaki su ce ai wannan kallon yara ne. To amma akwai wani daga ciki mai suna Tokyo Ghoul wanda ni ban ba ka shawarar ka bar yaro ya gani ba, kuma duk Bahaushen da ya kalle shi da idon basira zai ji kamar ya taɓa sanin labarin. Ya kuwa san shi, domin labarin maye ne. Abin da ya bambanta shi da namu shi ne inda aka dasa kyamara: mu kullum muna tsaye a ƙofar gida muna nuna maye da yatsa, su kuwa sun shiga cikin cikinsa, suna nuna mana yadda yunwar ke cin sa shi kansa. Yadda aka yi suka kai nan, mu kuma muka tsaya a bakin ƙofa, shi ne tarihin da nake so mu bi.

Ga labarin a gurguje, don wanda bai gani ba. Wani mai zane da ake kira Sui Ishida ne ya fara buga shi a mujallar Weekly Young Jump daga 2011 zuwa 2014, ya tashi littafi 14, sannan kamfanin Pierrot ya mai da shi fim mai kashi 12 a 2014. Jarumin, Ken Kaneki, ɗan shekara 18 ne, ɗalibin adabi a jami'a, maraya, mai kunya, kullum hancinsa cikin littafi. Ya haɗu da wata kyakkyawa mai suna Rize wadda ita ma ma'abociyar karatu ce. Ashe ita ɗin "gul" ce, wato wani jinsi mai kama da mutane sak, yana zaune cikinsu, amma ba abin da cikinsa ke karɓa sai naman mutum. Ta ja shi lungu za ta cinye shi, sai ƙarafunan gini suka rikito mata. A asibiti likita ya ciri wani sashe na jikinta ya dasa masa. Kaneki ya farka, ya kai loma baki, sai amai. Duk abincin da ya sani ya koma masa kamar ruɓaɓɓen abu, in ban da kofi. Ya fita titi ya ji ƙamshi mai tayar da yawu, ya bi shi, ya tarar gawa ce.

Yanzu ka ajiye Tokiyo ka dawo gida. Me iyayenmu ke faɗa game da maita? Sun ce iri biyu ce. Akwai ta gado, wadda ake sha a nono, akwai kuma ta ƙanƙara, wasu 'yan duwatsu da ake haɗiya, ko dai mutum ya nema da kansa ko a ba shi cikin abinci bai sani ba. Da zarar ƙanƙara ta zauna a ciki, sai ta riƙa motsi tana neman kurwa, in ba a ba ta ba ta ci mai ita. Ka ga ke nan Kaneki mayen ƙanƙara ne, wanda aka ɗura wa ba da saninsa ba, sai dai shi likita ne ya ba shi a ɗakin tiyata. Har ma akwai masu cewa wanda ubansa ne kaɗai maye yana gani amma ba ya ci. Kaneki ma rabi-da-rabi ne, in yunwa ta taso ido ɗaya ne kawai ke rinewa, shi ya sa yake rufe shi da bandeji.

Wannan imani ya shiga takarda tun da daɗewa. Daga 1911 zuwa 1913 wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa har juzu'i uku, akasari daga rubutun ajami na malamai. A 1913 R. S. Rattray ya fitar da abin da Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, kuma a wannan shekarar A. J. N. Tremearne ya buga nasa a kan camfe-camfe da al'adun Hausawa. Daga baya, a farkon shekarun 1970, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattaro Tatsuniyoyi da Wasanni da da yawanmu muka karanta a firamare. Duk inda ka duba cikin wannan taska za ka ga masu cin mutane birjik: Dodo da ke shigowa gida yana shinshina yana jin warin ɗan'adam, saurayi kyakkyawa da budurwa mai ruwan ido ta zaɓa ashe ba mutum ba ne, da kura uwar kwaɗayi. Amma ka lura da kyau. Dodo ba ya nadama. Yunwar kura abin dariya ce, kullum Gizo na yi mata wayo tana shan bugu. Ba a taɓa tsayawa an tambayi Dodo yadda yake ji in dare ya yi ba. Mai tatsuniya na tare da yarinyar da ke ɓoye a ƙarƙashin gado, kuma da gaskiyarta, don tana koya wa yara tsoron daji da tsoron baƙon fuska ne.

A 1993 wata mai bincike, Pamela Schmoll, ta buga nazari a kan cin kurwa a tsakanin Hausawan yankin Maraɗi. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne yadda mutane suka riƙa ganin maita ta sauya da zamani: abin da a da ake gada a tsatso, ya koma hajar da ake saye da kuɗi. Wato ashe ko a wajenmu labarin maye bai tsaya cik ba, yana bin kasuwa, yana bin talauci da hassada. Kuma a cikin al'adar akwai mutum guda da ya yi kusa da Kaneki ƙwarai, wato Sarkin Mayu, wanda ake cewa ya san sirrin, yana gani, amma ya juya abin ya koma ƙwato kurwar mutane. Mutum mai ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, jama'a na buƙatarsa suna kuma tsoronsa. Tabɗi! Ga jarumi an ajiye wa marubutanmu a faifai.

Ita kanta kalmar "gul" ba baƙuwarmu ba ce. Larabci ce, sunan wata halitta da Larabawan jahiliyya ke cewa tana rikiɗa a sahara tana ɓatar da matafiya, har akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya kore wannan camfi. Ta shiga Turai ta hanyar Dare Dubu da Ɗaya, wanda Antoine Galland ya fara fassarawa da Faransanci a 1704. A cikin nasa kundin akwai labarin Sidi Nu'uman, wanda amaryarsa ke tsintar shinkafa ƙwaya-ƙwaya da rana, in dare ya raba ta zare jiki ta tafi maƙabarta ita da gul. Daga Faransa kalmar ta tsallaka Ingila, daga nan Amurka, har ta isa Japan. A Tokyo Ghoul akwai wurin da ake koya wa Kaneki yadda zai yi kamar yana cin abinci a gaban mutane, ya haɗiye ba tare da ya tauna ba, ya yi murmushi, in ya keɓe ya amayar. Amaryar Sidi Nu'uman ce ta sake dawowa bayan shekara 300.

Sai dai Japanawa sun ari suna ne kurum, yunwar tasu ce tun asali. A addinin Buddha akwai wasu fatalwu da suke kira gaki, masu tulun ciki da maƙogwaro kamar allura, waɗanda haɗamarsu ta duniya ta jawo masu yunwar da ba ta ƙarewa, kuma tun ƙarni na 12 ake zana su. A 1904 Lafcadio Hearn ya buga Kwaidan, inda ya kawo labarin wani malami matafiyi, Muso, da ya kwana gadin gawa a wani ƙauye, ya ga wata halitta ta shigo ta cinye gawar. Da gari ya waye ya koma wurin wani tsoho mai zaman kaɗaici da ya gani a kan tudu, sai tsohon ya faɗi gabansa yana cewa kunya ta ishe shi, shi ne na daren jiya. A rayuwarsa malamin ƙauyen ne, amma bai damu da mamatan da yake yi wa addu'a ba sai abinci da suturar da za a ba shi. Ya roƙi a yi masa addu'a ya huta. Ka ji dodo mai jin kunya. A ganina nan ne hanyarmu da tasu ta rabu.

Sannan yaƙi ya zo ya mai da tatsuniya gaskiya. Bayan Japan ta sha kaye a 1945, abinci ya yi ƙaranci har rabon da gwamnati ke bayarwa ba ya riƙe rai, kusan kowa sai ya bi kasuwar bayan fage, wadda doka ta hana. Akwai wani alƙali a Tokiyo, Yoshitada Yamaguchi, wanda aikinsa shi ne hukunta masu wannan ciniki. Ya ce ba zai ɗaure mutane da rana a kan shinkafar da shi zai ci da dare ba. Ya tsaya a kan rabon gwamnati, yana tura mafi yawa ga 'ya'yansa, har ya rasu a watan Oktoba na 1947 yana da shekara 33. Ƙasar ta girgiza, domin mutuwarsa ta nuna cewa duk wanda ke numfashi a lokacin ya taka doka. Ka yi tunanin wannan, mai karatu. Mu ma da muka san labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da 'Yar Buhu ta 1927 daga bakin kakanni, mun san abin da yunwa ke sa mai mutunci ya aikata, sai dai mun fi son a binne zancen. Su kuwa sun tono nasu. A 1951 Shohei Ooka, wanda ya yi soja a Filifin, ya rubuta Nobi, labarin wani soja da ke yawo a tsibirin Leyte cikin 'yan'uwansa da yunwa ta kai su ga cin naman mutum, shi kuma yana kokawa da hannunsa kada ya kai baki. Kon Ichikawa ya mai da shi fim a 1959. Ban ce Ishida ya zauna ya kwafi waɗannan ba, amma ƙasar da ta haifi alƙali Yamaguchi ba za ta yi mamakin yaron da ke kuka da dafin yunwa, ga ƙunshin nama a gabansa ya ƙi buɗewa ba.

Masu zanen da suka biyo baya sun ɗora. Shigeru Mizuki, wanda ya baro hannunsa na hagu a fagen yaƙi, ya fito da Kitaro a 1960, yaro ɗan fatalwa mai ido ɗaya da ke shiga tsakanin mutane da aljanu. Amma wanda ya fasa ƙwai shi ne Go Nagai da Devilman, 1972 zuwa 1973. Jaruminsa Akira ya haɗe da shaiɗani don ya yaƙi shaiɗanu, jiki na dodo, zuciya ta mutum. Sai aka shelanta a talabijin cewa shaiɗanu na ɓoye cikin jama'a da siffar mutane. Shi ke nan, gari ya rikice. Maƙwabci ya fara zargin maƙwabci, aka ɗauki sanduna da wuƙaƙe da wuta, taron unguwa ya afka gidan da ya riƙi Akira, suka kashe Miki, yarinyar da yake so, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ka riƙe wannan wuri, za mu dawo kansa. Daga baya Hitoshi Iwaaki ya yi Parasyte, inda mai cin mutanen ya tare a hannun daman jarumin suna gardama. Bayan Kaneki kuma aka yi Demon Slayer, 2016 zuwa 2020, mai Nezuko, yarinyar da ta zama dodo aka sa mata takunkumin gora, yayanta na goye da ita a akwati yana nema mata magani. Fim ɗinsa na 2020 ya karya tarihin ciniki a sinimun Japan. Amma ni a wajena an yi wa Nezuko sauƙi, barci kawai take yi yunwar ta lafa.

Kaneki bai sami wannan rangwame ba, kuma nan ne Ishida ya yi aiki. Ya kai shi wani shagon kofi mai suna Anteiku, wanda wani dattijon gul, Yoshimura, ke riƙe da shi. 'Yan shagon sun yanke wa kansu ba za su yi farauta ba, sai dai su tsinto gawar waɗanda suka kashe kansu su raba wa marasa ƙarfi. Ko wannan ɗin ma ƙazanta ce, kuma labarin bai ɓoye ba. Akwai ranar da yunwa ta rufe wa Kaneki ido har ya tasar wa Hide, amininsa tun na yarinta, yana kwance a sume, da ƙyar aka tare shi. A ɗaya gefen ga jami'an hukumar farautar gul. Ɗayansu, Mado, ya kashe wata uwa a kan idon 'yarta ƙarama, uwar da ba ta taɓa farautar kowa ba. Da aka rama aka kashe Mado, sai ga zoben aure a yatsansa, ashe shi ma uba ne, kuma gul ce ta kashe matarsa. Hausawa sun ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Ishida ya yarda da karin maganar nan ɗari bisa ɗari, ya dai ƙara da cewa shi ma mayen yana da uwa.

Ƙarshen kashi na farko ya fi komai nauyi. Wani mugu, Yamori, ya kama Kaneki ya yi kwana goma yana gana masa azaba, yana yanke masa yatsu suna sake tsirowa, ya sa masa shanshani a kunne, ya tilasta masa ƙirga daga 1000 yana rage 7 don kada ya zauce. Tarbiyyar da uwarsa ta ba shi ita ce gara a cuce ka da ka cuci wani, ita ma kuwa wahalar yi wa 'yar'uwarta bauta ce ta kashe ta. A kan kujerar nan ya yar da wannan tarbiyya, gashinsa ya koma fari fat, ya tsinke sarƙa ya ci Yamori. Samarinmu nan suke tafi, hoton farin gashin nan suke sawa a waya. Ni kuwa ina ganin wurin makoki ne, domin yaron da muka sani ya mutu a ɗakin. Laifin masu fim ɗin ne da suka ƙawata wurin da kiɗa har ya zama kamar nasara, kuma ci gaban da suka yi a 2015 ya saki layin littafin ya koma yawan faɗa.

To mu fa? Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau industirinmu ta yi finafinai ba adadi, kuma mun tashi da kallon macijiyar Indiya, irin Nagin na 1976, inda 'yan kallo ke tausaya wa macijiya don an kashe mata miji. Amma in maye ya shigo fim ɗin Hausa, yawanci ɗayan biyu ne: ko dai abin dariya a finafinan barkwanci, ko kuwa tsohuwa mai jan ido da za a tona wa asiri a kashi na biyu, a sa ta tsallaka mara lafiya, a kore ta daga gari, a rufe da godiya ga Allah. Littattafanmu na soyayya sun tattauna auren dole da kishi da bambancin arziki har an gaji, alhali ga wani shinge da ya fi su tsauri a ƙauyukanmu: a ce gidan su yarinya "ba su da kyau". Magana ɗaya a raɗa, an fasa aure, kuma tabon zai bi 'ya'ya da jikoki.

Amma a nan dole in taka burki, domin akwai haɗari. Gul ɗin Tokiyo ƙirƙira ce, ba wanda zai fito daga kallo ya je ya doki maƙwabciyarsa. Mu kuwa maita zargi ne da ke sauka a kan mutane masu rai, galibi tsofaffin mata, matalauta, marasa gata. Zazzaɓi ya hau kan yaro ya yi sambatu ya kira suna, shi ke nan an sami hujja. Tun Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960, sashe na 216 ya sa ɗauri a kan wanda ya zargi wani da maita, har da wanda ya ce shi maye ne, amma doka ba ta hana ba. A 2023, a ƙaramar hukumar Wudil ta Jihar Kano, wasu mutane sun tarar da wata tsohuwa mai shekara 67 a gonarta suka kashe ta da duka da sara, saboda matar ɗayansu ta yi mafarkin tsohuwar na bin ta da wuƙa. A watan Fabrairu na 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa. Mafarki, mai karatu. Ka tuna taron da ya afka gidan su Miki a Devilman, shekara 50 kafin wannan.

Saboda haka furodusan da zai ɗauko Kaneki ya sa masa hula da 'yar-shara, ya nuna shi yana ganin kurwar yara a siffar 'yan tsaki yana haɗiyar yawu, ko da ya sa mun tausaya masa, ya ƙara tabbatar wa ɗan kallo cewa abin gaskiya ne, gobe kuma wata tsohuwar ce za ta biya. Abin da ya kamata mu aro daga Japan shi ne wurin dasa kyamarar. A kai ta cikin gidan da ake zargi. Yarinya ce, a ce a wani ƙauye tsakanin Kudan da Makarfi, lokacin yankan rake, saura wata guda bikinta. Ɗan maƙwabta ya kwanta ciwo ya kira sunan kakarta. Ba sai an nuna ƙanƙara ko jan ido ba. A nuna yadda masu sayen mazarƙwailarsu suka ɗauke ƙafa, yadda ƙawaye ke tofa "kurwata kur" in ta wuce, yadda dangin ango suka aiko a dakata. Sannan a nuna ta cikin dare ita kaɗai, cikinta ya yi ƙugi don tun safe ba ta ci komai ba, ta dafe shi da hannu biyu tana sauraro, tana tambayar kanta ko dai gaskiya suke faɗa.